Ƙulli Uku a Ƙarƙashin Kujera

Baffa ya ajiye wayar a kan teburin falo, ya tura ta da yatsa ɗaya kamar mai ture mataccen kyankyaso.

"Duba nan. Wace ce wannan?"

Allura ba ta taɓa wayar ba. Daga inda take zaune a ƙasa tana hango hoton sarai. Ita ce da shuɗin mayafinta, rungume da wani ƙaton ƙunshi, za ta shiga wata ƙofar ƙarfe. Wani dogon saurayi ya riƙe mata ƙofar yana dariya. Can sama da kawunansu ga allon gidan rawa da jan rubutunsa.

"Ni ce, Baffa."

"To madalla, ba ki haɗa mini da ƙarya ba. Shi kuma mai washe bakin fa?"

"Shi ne wanda ya turo manyansa wata biyar da suka wuce, ka sa aka ce musu ba ka nan."

"Ɗan majigi!"

"Mai haska fim ne. Sana'a yake, ba sata ba."

Babu wanda bai san Gidan Fitilu ba a garin. Gini ne hawa huɗu a tsakiyar gari. Ƙasa gidajen cin abinci ne a jere, sama da su ɗakunan silima uku, sai zauren wasan kwaikwayo, can ƙoli kuma gidan rawa, wanda kiɗansa ba ya tashi sai masu iyali sun rufe ƙofa. A wurin Baffa kuwa duk hawa huɗun abu guda ne. Ko mota ce ta biyo da shi ta gaban ginin, kau da kai yake yana neman tsari.

Mahaifin Allura yana zaune a bakin kujera kusa da ƙofa, kamar wanda ya zo cigiya. Mai Kushin ake ce masa, don yin kujeru da gyara su ce sana'arsa. Furfura ta cika masa gemu, amma har yau Auta yayansa Baffa ke kiransa, shi kuma har yau bai taɓa haɗa ido da yayan nan nasa ana faɗa ba. Ya san ƙunshin da ke cikin hoton. Shi ya ɗaure shi da hannunsa.

"Baffa, wa ya ɗauki hoton?" in ji Allura.

"Ina ruwanki? Mai son ki da alheri ne."

"Mai Kemis ne, na ga motarsa ranar. Ni ana tambayata abin da ya kai ni, shi ba a tambaye shi ba. Me yake nema a lungun baya, tsakanin kwandunan shara da tukwanen gas? Ko ɓerayen wurin ne suka aika a kawo musu magani?"

"Uwata!" mahaifinta ya ce ƙasa-ƙasa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, shi ya sa ba ya kama sunan. Allura kuwa maƙwabtan shago ne suka laƙaba mata, saboda sirantarta da kuma yadda maganarta ke shiga jiki.

"Bar ta, Auta, ai kai ka sangarta ta," Baffa ya ce. "Yaro ɗan gidan mutunci, mai shagon magani har biyu, shekara biyu yana zarya a kanki. Ko maganin gwiwata bai taɓa bari ya yanke ba. Kin watsa masa ƙasa a ido, kin je kin kwaso mana wanda ke wuni cikin duhu yana nuna wa mutane rashin kunya a bango."

"Shekarata ashirin da bakwai, Baffa. Na san mai so na, na san mai son a ce ya same ni. Wanda ya laɓe a bayan shara ya ɗauke ni hoto tun ban shiga gidansa ba, in na shiga me zai yi?"

Baffa ya gyara zama yana huci. Hannunsa ya zarce ƙarƙashin kujerar da yake kai yana shafawa, shi kansa bai sani ba. Tsohuwar ɗabi'a ce. Kafin ya koma sayar da kayan gini shi ma mai kushin ne, a hannun mahaifinsu suka koya shi da ƙanensa. Shekara talatin da barin sana'ar, amma ko layin likita ya zauna sai ya laluba ya ji yadda aka rufe ɗinkin.

"Me ke cikin ƙunshin nan?"

Allura ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Ba zan faɗa ba, Baffa. Ka yi haƙuri."

"Ba za ki faɗa ba!" Ya buga sandarsa a ƙasa. "To ki buɗe kunne, kai ma Auta ka ji. Duk wanda ya sa loma ɗaya a bakinsa da kuɗin gidan nan, ba ni ba shi. Ba zai haɗa jini da mu ba, ba zai taka mini ƙofa ba, ko gawata kada ya raka. Gobe da hantsi Mai Kemis zai kai ni, in kalli tsabar idon yaron nan in ce ya fita hanyar 'yata. Ke kuma kada in ji kin leƙa ko ƙofar gida."

Allura ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Allah ya kai mu goben, Baffa. A can za ka same ni."

*

Bayan la'asar ta tarar da mahaifinta a shago. Ya janyo ƙofar rabi, ya shige can ciki bayan tulin soso, inda wani tsohon labule ya raba shagon biyu. A bayan labulen nan jajayen kujeru ne masu naɗewa, an ciro su daga ƙafafunsu, kowace da lamba a goshinta.

Kujerun silimar Gidan Fitilu ne.

Shekara tara ke nan. Lokacin da mahaifiyar Allura ke kwance ba lafiya, masu kawo aiki kuma duk sun koma sayen kujerun waje, manajan gidan ya zo neman wanda zai sabunta masa layi biyu. Mai Kushin ya ce sau ɗaya zai yi, daga shi ba ƙari. Layi biyu suka zama ɗaki guda, ɗaki guda ya zama uku. Duk ranar Talata da safe, kafin a buɗe wa jama'a, sai ya ja hularsa har gira ya shiga ta ƙofar baya, wadda masu dafa abinci da masu shara ke bi. Da bayansa ya fara ciwo Allura ta karɓi ɗaukar ƙunshin rigunan kujeru. A nan ta san Mai Majigi, saurayin da ke cikin hoton, don shi ke kunna musu fitilun ɗaki, shi ke riƙe musu tocila in za a shiga ƙarƙashin kujera.

"Uwata," ya ce bai ɗago ba, "ki rufa mini asiri."

"Na rufa, Baba. Ka ji na faɗa?"

"Ba wannan ba. Ki haƙura da yaron nan."

Ta zauna a kan wani buhun soso tana kallonsa. Basilla ce a hannunsa, yana rufe ƙasan wata kujera.

"Baba, kalle ni ka faɗa mini aibinsa guda ɗaya. Ɗaya tak, in tashi yanzu in kira shi in ce ya nemi wata."

Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Ba ka da shi."

"Ba ni da shi," ya ce da wata irin murya. "Yaron da ya kwanta a ƙasa awa uku yana riƙe mini fitila, ƙura na zuba masa a ido, bai ce uffan ba. Wata rana muka yi kiciɓis a titi ina tare da Yaya, ya wuce kamar bai taɓa ganina ba. Ranar Talata ya zo ya durƙusa yana ba ni haƙuri, wai ya ga ban so a san mun san juna. Ban taɓa gaya masa ba, shi ya fahimta da kansa. Ina zan samo masa aibi?"

"To don me?"

"Don Yaya ne, Uwata! Ina ɗan shekara goma sha huɗu babanmu ya rasu. Yaya ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya yi mini aure. Shagon nan da muke ciki nasa ne, bai taɓa ce mini ko kanzil a kansa ba. Ni ban taɓa ce masa a'a ba, bakina bai san yadda ake faɗinta ba. Kin ji abin da ya rantse a kai. In ya san shekara tara ina..."

Ya sa bayan hannu ya goge ido.

Hawayen da Allura ta hana fitowa a falon Baffa suka ɓalle.

"Baba, maganin da Umma ta sha har Allah ya karɓi abarsa, daga ina ya fito? Makarantar da na gama fa? Keken ɗinkin nan da nake takawa? In lomar gidan nan ƙazanta ce, to da ita aka gina ni tun daga ƙafa har kai. Sai Baffa ya kore ni tare da Mai Majigi, ai ɗaya muke. Mene ne laifin kujera? Mutum ya gaji da wahalar mako, ya kawo iyalinsa su zauna awa biyu su yi dariya, kai ka gyara masa wurin zama. Wannan ne abin ɓoyo?"

"Ke yarinya ce, ba ki san zumunci ba."

"Na san shi. Shi ya sa na yi shiru ana nuna ni da yatsa kamar 'yar gidan rawa. Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Ba hoton ba ne. Na juya in ga ko za ka ɗago kai, na ga kana ƙirga zanen kafet."

Mai Kushin ya runtse ido kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ta matso ta durƙusa a gabansa, ta sassauta murya.

"Ka yafe mini, Baba, ban faɗa don in ɓata maka ba. Amma ka ji matsayata. Ba zan tona ka ba ko za a yanka ni. Shi ma ba zan bar shi ba. Abu biyu ne, kuma duk na riƙe su."

Ta tashi ta fita.

Ya daɗe yana kallon labulen da ta saki. Sannan ya koma kan kujerar, ya kai ɗinkin ƙarshe. Masu kushin na yanzu ƙananan ƙusoshi suke harbawa da inji su wuce, shi kuwa da hannu yake rufewa, yadda mahaifinsu ya koya musu: ƙulli uku a jere, na tsakiya ya fi girma, sannan a mayar da jelar zaren ciki ta ɓace. Ya shafa su da babban yatsa. Ɗaya, biyu, uku.

*

Washegari da hantsi Allura ta shiga Gidan Fitilu ta ƙofar gaba. Shekara uku tana zuwa, yau ce rana ta farko da ta bi ta nan.

Gidan bai gama farkawa ba. Masu gidajen abinci na sauke kujeru daga kan tebura, wata mata na goge gilashin da aka liƙa hotunan finafinai, injin gugguru ya fara ɗumi yana ƙamshi. Wasu ƙarti biyu na saukowa daga sama da akwatunan kwalabe suna ƙorafin ciwon baya.

A ɗaki na biyu ta sami Mai Majigi. An kunna fararen fitilun aiki, jajayen kujeru sun jeru har ƙasa, farin allon ya yi tsit. Mai Majigi na tsaye a tsakiya da tocila rataye a ƙugu, yana sauraron gwajin sauti. Da ya gan ta ya ɗaga hannu aka kashe.

"Yau ta gaba aka biyo? Da kin faɗa ai da na shimfiɗa jan kafet."

"Bar wasa. Suna hanya." Ta dube shi sama da ƙasa. "Har da goge takalmi?"

"Na goge har na ga fuskata a ciki, na tsorata na daina."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi.

"Saurara. Zai tambaye ka inda ka san ni, da abin da ke kawo ni. Kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke ni ka wanke kanka. Kada ka faɗe ta."

"Ko ba ki ce ba. Asirin Baba ba nawa ba ne, balle in kashe shi a kan buƙatata."

"Ko da zai sa ka rasa ni?"

Ya girgiza kai.

"Ba zan rasa ki ba. Ni aikina jira ne, Allura. Ina zaune a ɗan ɗakin can sama, ta wata 'yar taga nake kallon fim ɗaya sau arba'in. In haƙuri ne, Baffa bai kai ni ba."

Ƙarar sanda ta katse su. Baffa ne a bakin ƙofa yana haki, don ya ƙi shiga lif, wai ba zai tsaya inda mashaya ke tsayawa ba. Matakala ya hawo da gwiwarsa mai ciwo. Mai Kemis na bayansa cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

Da suka sauko cikin ɗakin, Mai Majigi ya taka da sauri ya durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba."

"Ban haife ka ba." Baffa ya juya ga Allura. "Ke kuma kin cika alkawari."

"Gidanmu ba a saɓa magana, Baffa. Kai ka koya mana."

Ya yi kamar bai ji ba, ya nuna Mai Majigi da sanda.

"Kai, magana ɗaya ta kawo ni. Ka fita hanyar 'yata. Ba mu haɗa iri da masu cin abincin irin wannan gida."

"Baba, na ji maganarka, kuma girmanka ya wuce in yi musu da kai. Amma ba zan ce maka na bar ta ba alhali ban bari ba. Aikina kuma ba na jin kunyarsa. Ni da hawa na huɗu sai in wutarsu ta lalace. Ƙofar da aka gan ta a hoto ta ma'aikata ce, kowa ta nan yake bi, daga mai wanke-wanke har manaja."

"Kada ya ruɗe ka, Baffa," Mai Kemis ya cafe. "Kana shiga ƙofar nan, hannun hagu akwai ƙaramin lif, kai tsaye gidan rawa yake zuwa, ko tsayawa ba ya yi."

"Ikon Allah," in ji Allura. "Shekara uku ina bin ƙofar ban taɓa sanin inda lif ɗin ke zuwa ba. Kai ya aka yi ka san ba ya tsayawa?"

Baffa ya yi wa Mai Kemis wani kallo ta gefen ido, ya mayar da kansa ga Mai Majigi.

"Shekara uku! To me take kawowa? A ina ka san ta?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Wannan ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Kun haɗa baki ke nan. Ku biyu kun mayar da ni..."

Ya ɗaga sanda zai buga, gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Ya yi taga-taga. Mai Majigi ya tare shi da hannu ɗaya, ya sauke masa kujerar bakin layi da ɗayan.

"Ba zan zauna a kujerar 'yan iska ba!"

Amma gwiwa ba ta san rantsuwa ba. Ya zauna daɓas yana cije leɓe.

"Ku saurare ni," ya ci gaba yana nishi. "Muddin ina numfashi, wanda ya ci daga gidan nan..."

Hannunsa ya zarce ƙarƙashin kujerar.

Allura ta ga lokacin da yatsun suka tsaya.

Baffa ya sake shafawa a hankali. Ya miƙa hannu ya sauke kujerar kusa da shi, ya laluba. Ya ja jiki ya taɓa ta uku.

"Kai, ba ni fitilar nan."

Mai Majigi ya dafe tocilar da ke ƙugunsa.

"Baba, ka yafe mini. Ba zan haska ba."

Baffa ya fizge wayar Mai Kemis, ya kunna fitilarta, ya sauka a kan gwiwar da ta hana shi tsayuwa. Ya leƙa. Ya daɗe a haka, ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar injin gugguru daga waje.

Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Mutum uku ne suka iya ƙullin nan a duniya," ya ce a hankali. "Ɗaya yana kabari. Ɗaya ni ne."

"Huɗu ne, Baffa!" Allura ta yi maza ta sha gabansa. "Ni ma na iya. Ni na karɓi aikin a ɓoye, rigunan kujeru ne a ƙunshin. Baba bai san komai ba. In kora ce ni za ka kora."

"Zaren nan ya fi shekara takwas a wurin. Kina makaranta lokacin."

"Na ce ni ce!"

"Ƙarya take yi, Yaya."

Duk suka juya. Mai Kushin ne a bakin ƙofa, da jar kujera a kafaɗa, jakar kayan aiki a hannu. Hularsa na tsakiyar kai, bai ja ta har gira ba. Ya sauko matakalar ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye kujerar a gaban yayansa.

"Kujera ɗari uku da sittin ne a ɗakunan nan uku. Babu wadda ban rufe da hannuna ba. Shekara tara, duk Talata."

"Auta..."

"Bari in gama, Yaya, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Jiya ka ce wanda ya ci loma ɗaya daga gidan nan ba kai ba shi. Ni ba loma na ci ba, shekara tara na ƙoshi. Da shi na yi jinyar matata, da shi na raini 'yar nan. Kujerun falonka da na sabunta maka bara, ragowar yadin zauren wasan kwaikwayo ne. A kansu ka zauna ka yi rantsuwar."

Mai Kemis ya ja da baya kaɗan-kaɗan.

"Jiya ina zaune aka ci mutuncin 'yata saboda ƙunshin da ni na ɗora mata. Ta rufa mini asiri, ni na kasa buɗe baki. Yaron nan ma yanzu ina bakin ƙofa na ji ya ƙi haska maka. Yara biyu suna tsaye a gabana suna tare mini rana, ni uba ina laɓe a bayansu. Daren jiya ban runtsa ba, Yaya. Na gane ba kai nake tsoro ba, tsoron a ce ban kyauta maka ba nake. To na zaɓi in ɓata maka da gaskiya."

Ya ɗago ido. Karo na farko a rayuwarsa ya kalli yayansa kai tsaye.

"Ka riƙe ni, ban manta ba, ba kuma zan manta ba har in mutu. Amma 'yar nan ni na haife ta. Tana son sa, na yarda da halinsa. Na ba shi."

Allura ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata.

Baffa ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Mai Majigi ya kai hannu zai taimaka, ya ture shi.

"Ka ba shi."

"Na ba shi, Yaya."

"To ba ni makullin shagona."

Mai Kushin ya sa hannu a aljihu. Da ma a shirye ya zo, ya riga ya cire shi daga cikin sauran. Ya miƙa da hannu biyu. Baffa ya karɓa ya jefa a aljihun gaba.

"Ranar da za a zo neman auren, kada a turo mini kowa."

"Za a turo, Yaya. In ka kore su a sake turowa."

Baffa ya fara hawa matakalar, sanda na gaba gwiwa na biye. Mai Kemis ya matso zai riƙe shi.

"Kai kuma sake ni. Je ka hau lif ɗinka."

A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kujera ta uku da na taɓa, ƙullin tsakiya ya saki. Da babanmu na raye da ka sha mari."

Ya fita. Ƙarar sandarsa ta yi ta nisa har ta ɓace.

Mai Kushin ya tsaya kamar an dasa shi. Ba shi da shago, kayan aikinsa duk suna bayan ƙofar da ba shi da makullinta, ban da abin da ke cikin jakar nan. Allura ta kama hannunsa.

"Baba, zauna ka huta."

"Ƙarfe nawa ake fara fim?"

"Sha biyu da rabi, Baba," in ji Mai Majigi.

"To ba lokacin zama."

Ya buɗe jaka ya ɗauko basilla da zare. Sau uku yana kai zaren bakin kafar yana kucce masa. Allura ta karɓa ta zura masa, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Ya tafi wurin kujera ta uku, ya kwanta a ƙasa da bayansa mai ciwo, ya tura kai ƙarƙashinta. Ya laluba. Gaskiyar Baffa ce, ƙullin ya saki.

Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Ɗana, me kake jira? Haska mini nan."